Na sayi MX-5 ta hannu: da gyara zan fara ko da kwalliya?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau kwana 19 ke nan da na karɓi makullin motar da na shekara biyar ina hange daga nesa, wato Mazda MX-5 ƙirar 2010, ja, mai rufin tampol, da inji mai lita 2.0 da giyar hannu mai hawa shida. Ni ne na uku da ya mallake ta, kuma mitarta tana nuna kilomita 118,000. Duk motocin da na riƙe a baya masu ƙofa huɗu ne waɗanda ƙafafun gaba ke ja, saboda haka wannan ne karon farko da na zauna dab da kwalta a cikin motar da ƙafafun baya ke turawa. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu idan na ajiye ta sai na waiwaya na sake kallonta kafin in shiga gida.

Tun kafin in biya kuɗinta na riga na rubuta abubuwan da nake so in sa mata. Ina son baƙaƙen rim masu inci 18 a madadin masu inci 17 da ta zo da su, da gajerun sifirin da za su sauke ta da kamar milimita 30 domin a rufe sararin da ke tsakanin taya da jikin mota, wanda a idona yake rage mata kwarjini. Ina son salansa mai murya, da buɗaɗɗiyar matatar iska irin wadda ake cewa tana ƙara wa inji ƙarfi, da fitilun LED, da ƙaramin sitiyari na fata, da ƙarfen nan mai ƙyalli da ake kafawa a bayan kujeru. Akwai kuma kyamarar gaban mota da sababbin shimfiɗun ƙafa.

Sai dai a cikin waɗannan kwanaki na lura da wasu abubuwa da suka rage mini ɗoki. Takardun sabis da aka ba ni sun tsaya ne shekara uku da suka wuce. Wanda ya sayar mini ya ce shi da kansa yake juye mai tun daga lokacin, amma babu rasit ko ɗaya. Tayoyin baya ba kamfaninsu ɗaya da na gaba ba, ko da yake zanensu bai cinye ba. Idan na sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, motar tana ɗan karkata hagu. Da safe giya ta biyu tana yin tauri har sai an yi tafiyar minti goma. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na tarar da kafet ɗin bayan kujerar fasinja ya jiƙe sharkaf, alhali ban ga ɓula ko yagewa a jikin tampol ba.

Kuɗin da na ware ba za su ɗauki duka a lokaci ɗaya ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni riƙe irin waɗannan motoci su gaya mini wanne zan fara da shi, wanne zai iya jira, wanne kuma ya kamata in soke gaba ɗaya.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka yi zaɓi mai kyau, domin tun da aka fito da MX-5 a 1989 take jan mutane, har a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma amfanin wannan gare ka shi ne kayan gyaranta ba su da wuyar samu kuma halayenta sanannu ne. Amma zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: takardar nan ta kwalliya ka ninke ta ka ajiye na wata uku. A yanzu ba ka san yadda motarka take tafiya idan tana da lafiya ba, kuma wanda bai san lafiyar mota ba, idan ya canja mata kaya ba zai gane ko gyara ya yi ko ɓarna ba.

Ka fara da taya, tun yau. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da haruffan DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2317, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2017. Zurfin zane ba ya nuna ƙuruciyar taya, musamman a irin waɗannan motoci da mutane ke ajiyewa sai ƙarshen mako su fito da su: zanen yana nan kamar sabo, amma robar ta bushe ta yi tauri. Wadda ta haura shekara shida abar tuhuma ce, wadda ta kai goma kuwa babu shawara a kanta sai cirewa. Ka saba da mota mai ja da gaba, wadda idan ka matsa mata a kwana sai hancinta ya zame waje, kana ɗaga ƙafa daga totur ta dawo hanya. Wannan kuwa, idan tayoyin baya suka gaza kama kwalta a jiƙaƙƙiyar hanya, bayanta ne zai juyo, kuma da yake gajeriya ce mai nauyin da bai wuce kilo 1,100 da ɗoriya ba, juyowar tana zuwa da sauri. Ka sa mata taya huɗu iri ɗaya, na kirki, a girman da ta zo da shi, 205/45R17, ka kuma bi awon iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Masu busa taya da yawa suna cika ta kamar ta babbar mota, sai ta riƙa tsalle a hanya mai ita yana zargin shokozoba.

Bayan taya sai duk wani ruwa da mai da ke cikinta. Maganar wanda ya sayar maka na iya zama gaskiya, amma abin da babu rasit a kansa a wurina ba a yi shi ba. Ka juye baƙin mai da filtarsa, sannan ka ɗauki al'adar duba sandar mai duk bayan shan fetur biyu har ka gane ko injin yana cin mai, domin mota da ake kora a kwana, idan man injinta ya yi ƙasa, yakan kwanta gefe guda famfo ya zuƙi iska, kuma a nan ake rasa inji. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a kusan 155, kuma idan ya tafasa a gangara sai ka taka birki ya nutse ƙasa ba tare da ya kama ba. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Kada ka bari a zuba maka DOT 5, wanda na silikon ne kuma ba ya haɗuwa da sauran.

Taurin giya ta biyu da safe ba abin tashin hankali ba ne muddin yana sakewa idan ta yi zafi kuma ba ka jin ƙarar haƙora. Sabon man giyabos yakan rage shi ƙwarai. Ka duba littafin motar, za ka ga giyabos na son mai nau'in GL-4, aksul ɗin baya kuma nau'in GL-5, kada a zuba musu abu ɗaya don ganda. Abin farin ciki guda shi ne injin wannan ƙirar sarƙa ce ke haɗa samansa da ƙasansa, ba bel ba kamar na ƙirori biyu na farko, saboda haka wannan kashe kuɗin ya wuce ka. Amma ka duba tankin robar da ke riƙe ruwan lagireto. Idan ya koma ruwan ɗorawa mai duhu ko ka ga ƙananan tsaga a wuyansa, ka canja shi kafin ya fashe maka a hanya.

Jiƙewar kafet kuwa kusan na tabbata ba daga tampol ba ne. Ruwan da ya gangaro daga rufin yana taruwa ne a wasu magudanai biyu da ke bayan kujeru, ɗaya a kowane gefe, ya bi bututu ya fita ta ƙarƙashin mota. Ganye da ƙura suna toshe su, sai ruwan ya cika ya malalo ciki. Ka nemi doguwar buroshi siririya mai lanƙwasuwa ka tura a hankali, kada ka yi amfani da waya mai tauri, sannan ka zuba kofin ruwa ka ga ko zai fito ƙasa. Ka ɗaga kafet ɗin ya bushe sarai, domin soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa makonni, kuma daga nan tsatsa ke farawa.

Alaimen, wato saita ƙafafun mota su daidaita, shi ne na ƙarshe, bayan an ɗaga motar an duba bushin da shokozoba kuma an sa sababbin tayoyi. Idan ka yi shi kafin haka, sau biyu za ka biya.

Mai Shuɗiyar Mota ya rubuta:

Malam Sabon Shiga, ina taya ka murna. Babanmu Bakanike ya gama magana a kan gyara, ni zan yi magana ne a kan takardarka, domin kusan irinta na rubuta shekara huɗu da suka wuce, kuma ni ban sami wanda ya tsayar da ni ba.

A watan farko na sa rim masu inci 18 da taya 215/35. Ga lissafin da ban yi ba sai daga baya. Lamba ta biyu a girman taya kaso ne na faɗinta, wato a 205/45 tsayin gefen taya kashi 45 cikin ɗari ne na milimita 205, kusan milimita 92 ke nan. A 215/35 kuwa kusan milimita 75 ne. Wannan 'yar robar da na rage ita ce ke shanye ƙananan ramuka kafin su iso ga sifirin, kuma da ta tafi sai kowane gurbi a hanya ya riƙa zuwa har ƙashin bayana. Ga kuma nauyi. Rim ɗin da na saya sun fi na asali nauyi, kuma nauyin da ke ƙasan sifirin ba ɗaya yake da nauyin jaka a but ba: shi ne shokozoba ke kokawa da shi don taya ta zauna a kwalta, shi ne kuma inji ke juyawa duk lokacin da ka taka totur. A mota mai ƙarfin doki kusan 160 ana jin bambancin nan take. Motar ta yi kyau a hoto, amma ta rasa wannan sauƙin juyawar da ya sa na saye ta. Kafin shekara ta zagayo na lanƙwasa rim ɗaya a rami, kuma ka tuna wannan ƙirar ba ta da safaya.

Idan lallai launin baƙi kake so, ko dai ka fente na asali, ko ka nemi masu inci 17 marasa nauyi. Ka tabbatar ramukan noti biyar ne a tsarin 5x114.3, ramin tsakiya milimita 67.1, sannan ka kula da lambar ET, wadda ke nuna yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. Ta asali 55 ce. Idan ka yi nisa da ita taya za ta riƙa gugar jikin mota a kwana.

Sifirin ma haka na yi kuskure, na ɗora gajeru masu tauri a kan tsofaffin shokozoba. Shokozobar da ta yi kilomita fiye da 100,000 ta riga ta gaji, kuma an ƙera ta ne don ta yi aiki a wani tsayi da wani taurin sifirin. Cikin 'yan watanni motar ta fara lilo bayan kowane tudu, biyu daga cikinsu suka fara yoyon mai. Ban ce kada ka sauke ta ba, domin ni ma ina ganin wannan ƙirar ta yi tsayi kaɗan, amma ka jira har lokacin canja shokozoba ya yi, ka sayi su da sifirin a matsayin kaya ɗaya da aka auna tare, sannan a sake alaimen.

Matatar iska ita ce ta fi ba ni haushi. Ƙara ta ƙaru, ƙarfi bai ƙaru ba, domin akwatin asali yana jawo iska mai sanyi daga gaba, ita kuwa buɗaɗɗiyar tana zuƙar zafin cikin bonet. Irin wadda ake shafa wa mai kuma, idan man ya yi yawa, yana ɓata na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Na mayar da akwatin asali. Game da salansa, kada ka saya don bidiyon da ka saurara a waya. Ka nemi wanda ya sa irinta ya ɗauke ka ku yi tafiyar rabin sa'a a babbar hanya da rufi a rufe, domin akwai wani gurnani da wasu ke yi a daidai gudun da ake doguwar tafiya da shi, wanda ke sa ciwon kai. Kuma ka canja tukunyar baya kawai, kada a taɓa matatar hayaƙi, in ba haka ba fitilar inji za ta kunna ta ƙi mutuwa, ga wari, ga matsala da doka a ƙasashe da yawa.

Matuƙiyar Asabar ta rubuta:

Ni kam ina ganin an ɗan tsananta wa bawan Allah. Duk abin da Baba Bakanike ya faɗa gaskiya ne, ban ja da ko ɗaya ba, amma mutum ba ya sayen mota mai kujera biyu don hankali ya ce a saya. Ɗokin makonnin farko wani ɓangare ne na abin da ya biya, kuma akwai ƙananan abubuwa da za su sa ya ji motar ta zama tasa ba tare da sun taɓa tafiyarta ba. Kan sandar giya mai ɗan nauyi yana sauya yadda hannu ke jin shigar giya, kuma minti biyar ake sa shi. Wankewa da goge fenti da kyau, da shafa wa tampol maganin da ke korar ruwa, suna fito da jar mota fiye da sababbin rim. Ledar kariya mai haske a hancinta ma tana da amfani, saboda gajeriyar mota tana shan tsakuwar da manyan motoci ke watsowa. Kyamara ka sa ta yanzu, amma a ɗauko wutarta daga akwatin fis ta hanyar da ta dace, kada a yanke wayoyin asali a murɗa.

Abu uku ne a takardarka zan roƙe ka, ɗan'uwa, ka soke. Na farko sitiyari: wanda ta zo da shi yana ɗauke da jakar iska mai kare direba a hatsari, ƙaramin na fatar kuwa ba ya da ita. Idan fatar naka ta goge, a sake ɗinke ta. Na biyu ƙarfen bayan kujeru. Akwai na gaske, mai kauri, da ake ɗaurewa a ƙashin mota don ya riƙe nauyinta idan ta kife, akwai kuma na ado, wanda a hatsari yake lanƙwashewa ko ya zama abin da kai zai bugu da shi. Mai ƙyallin da ka kwatanta na biyun ne. Na uku ƙwan LED a cikin fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin: hasken yana watsuwa, kai ka ga kamar ya ƙaru, mai zuwa ta gabanka kuwa ya makance. Ka fara goge gilashin fitilun idan ya yi hazo, ka sa sababbin ƙwayaye na asali.

Shimfiɗun ƙafa kuma, ka sayi waɗanda aka yanka daidai da ita masu maƙalewa a ƙugiyar ƙasa, ka cire tsofaffin, kada ka ɗora wani kan wani, domin shimfiɗar da ta zame tana iya danne totur. Duk abin da ka cire na asali ka ajiye shi, ranar sayarwa za ka ga amfaninsa. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka duk canjin da ya shafi rim, sifirin ko salansa, saboda wasu suna ƙin biya idan an ɓoye musu. Maɓallin DSC da ke kashe na'urar hana zamewa ka bar shi yadda yake har sai ka sami fili rufaffe da malamin tuƙi a gefenka. Ni kwana ɗaya da na yi a irin wannan horo ya fi duk kayan da na taɓa sa wa motata ƙara mata gudu.

Sabon Shiga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fita da tocila na duba tayoyin kamar yadda Baba ya ce. Na gaba shekararsu huɗu, na baya kuwa sun haura tara, ga ƙananan tsaga a tsakanin zanen da ban lura da su ba sai yanzu. Na yi odar huɗu iri ɗaya a girman asali. Magudanar gefen fasinja a toshe take da ruɓaɓɓen ganye, ina tura buroshi sai ga baƙin ruwa yana zuba ƙarƙashin motar, yanzu kafet yana ɗage yana shan iska. Na soke sitiyari da ƙarfen ado da matatar iska, na kuma sayi kan sandar giya, Hajiya, domin zuciya ta samu abin riƙewa. Salansa dai ban haƙura da ita ba, na mayar da ita wata na huɗu.

Tambaya ɗaya ta rage. Wani ya ce mini in sayi 'yar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari don karanta kwamfutar mota. Tana da amfani ga wanda ba bakanike ba, ko ɓarnar kuɗi ce tun da babu fitilar da ta kunna?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Saye ta, ɗan'uwa, ita ce ma kaya na farko da nake so in gani a hannun duk wanda ya sayi mota ta hannu. Soket ɗin mai ramuka 16 ne, ana kiransa OBD-II, an wajabta shi a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga motocin fetur tun 2001, saboda haka taka tana da shi. Rashin kunnuwar fitila ba ya nufin babu komai, domin kwamfuta tana ajiye wasu lambobin matsala da ba su kai ga kunna ta ba tukuna. Ka kuma duba sashen da ke nuna ko injin ya kammala gwaje-gwajen kansa. Idan wani ya goge lambobi dab da sayarwa, gwaje-gwajen sukan nuna ba su kammala ba har sai an yi 'yan kwanaki ana tuƙi, to kai da ka yi kusan mako uku da ita, ya kamata yanzu duka su nuna sun kammala. Idan akwai wanda ya ƙi, ka rubuto mini sunansa. Abin da duk ka gani ka rubuta shi a littafi tare da kwanan wata da kilomita kafin ka goge, kuma ranar da za a ɗaga motar don duba bushin, ka shiga ƙarƙashinta da tocilarka ka duba ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya da gefen ƙasan ƙofofi, musamman ɓangaren fasinja inda ruwan ya kwanta.